Rigar Nuhu

In kuka ji wani a Lyon yana cewa Shamsiya ta Minguettes ba ta da tausayi, ku turo mini shi shagona a Guillotière. Ina nan tsakanin buhun kuka da na daddawa, zan ba shi kujera in gaya masa abin da bai sani ba. Ni Fatsima da idona na ga komai. Ƙofata da tata suna kallon juna a bene ɗaya a unguwar Minguettes, nan Vénissieux, gefen Lyon.

Shamsiya ƴar Damagaram ce, unguwar Birni. Karatu ya kawo ta Faransa, ta gama, ta samu aiki a wani wuri da ake gwada ruwan sha kafin a sako shi a famfo. Siririya ce, ba ta da hayaniya. Irin mutanen nan ne da in ka taka musu ƙafa a cikin tiram, jirgin nan na cikin gari, su za su ba ka haƙuri. Sau nawa ina yi mata faɗa a kan wannan sanyin nata! Sai ta yi murmushi ta ce, "Tanti, ki bar su." Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne, yarinyar nan tana bari, amma ba ta mantawa. Wannan halin kuwa a wurin kakarta ta samo shi.

Kakar, Inna Habsu, ita ta rene ta. Labari ɗaya tsohuwar take da shi, kuma Shamsiya ta ce ta ji shi har ta haddace. Ni ma a bakin Shamsiya na ji, wata Lahadi tana taya ni tankaɗe a kicin. Mijin Inna Habsu, Bukari, fataucin goro yake yi zuwa Kumasi a zamanin Nasara. Can ciwo ya kama shi, can ya rasu. Da labari ya iso Damagaram, Habsu ta gama takaba, ta goya ɗanta ta bi ayari har Kumasi don ta karɓo abin da mijinta ya bari. Ta tarar kotun Nasara ta riga ta sa hannu a kan kayan. Aka ce mata haka dokarsu take a kan baƙon da ya mutu a ƙasar da ba tasa ba: a rufe kayansa, a jira magaji mai shaidar takarda, in bai zo a kan lokaci ba a yi gwanjo. Baturen kotun ya tambaye ta takardar aure. Ina Habsu ta taɓa ganin takardar aure? Ta ce an ɗaura, an raba goro, ga ɗa a bayanta. Tafinta ya juya mata magana da Hausa, ya ce Bature ya ce a wurin kotu ke ba kowa ba ce.

Ba maganar ce ta fi cin tsohuwar ba. Tafintan nan da ke gaya mata haka, rigar Bukari ce a jikinsa. Rigar saƙi, wadda ita da kanta ta kaɗa zarenta. A gwanjo ya saye ta, ko kyauta ya ɗauka, oho. Ta tsaya tana kallon rigar, ta juyo gida hannu rabbana. Har ta tsufa haƙoranta suka zube, in ta zo nan a labarin sai ta dafe cinya ta ce, "Ni Habsu, me ya hana ni tuɓe masa ita?"

Na ce, "Allah ya ji ƙanta, ai zamanin ya wuce." Shamsiya ta ci gaba da tankaɗenta.

To, a shagona ta haɗu da Nuhu. Ya zo sayen yaji, ita ta zo sayen busasshiyar kuɓewa, ni kuwa na ga yadda ya rasa inda zai sa idonsa, na ƙi ba shi canji da wuri. Nuhu ɗan Maraɗi ne, yana aiki a wani babban sito nan Vénissieux, yana tuƙa ƴar motar nan mai ɗaga kaya. Mutum ne mai dariya. Iyayensa sun rasu, ɗan'uwansa ɗaya ne a duniya, wansa Alhaji Mu'awiya, mai shagon atamfa da shadda a Château Rouge can Paris.

Ku riƙe maganar shagon nan, don a kansa komai ya tashi. Lokacin da aka buɗe shi, Mu'awiya ba shi da takardun zama, Nuhu yana da su. Sai aka rubuta shago da sunan Nuhu, kamar yadda mutanenmu da yawa suke yi. Nuhu ya zuba abin da ya tara, Mu'awiya ya zuba guminsa. Ba zan yi masa ƙarya ba don ina jin haushinsa, ya yi wa shagon nan bauta. Daga baya ya samu takardunsa, amma aka yi ta cewa za a gyara suna, za a gyara, ba a gyara ba.

Da maganar aure ta taso, Mu'awiya ne ya hau jirgi ya je Damagaram. Shi ya zauna a ƙofar gidan mahaifin Shamsiya, shi ya ce ya karɓa wa ƙanensa, shi ya raba goro da dabino. Mahaifinta kuma ya ba shi babbar riga ya kawo wa ango, shuɗiyar shadda mai aikin hannu, wadda ya sa aka yi watanni ana yi mata aiki. Ranar da muka yi walima a nan, Nuhu ya sa ta yana ta juyi kamar yaro ranar Salla, har garwashin turaren wuta ya ɗan ƙona ta a gefen hannun hagu. Shamsiya ta zauna da allura ta cike wurin da zare. In ba ka sani ba, ba za ka gani ba.

Saura auren meri, wato a je ofishin magajin gari a sa hannu, wanda shi kaɗai hukumar ƙasar nan ta sani. Na yi magana har bakina ya gaji. Duk sanda Nuhu ya tayar da zancen, sai wansa ya ce, "Haba Nuhu, auren Musulunci bai ishe ka ba? Ka bari sai na samu sarari, mu yi babban biki." Nuhu kuwa ba ya musu da yayansa. A Damagaram ma ba wanda ya je ya yi wa auren rajista. Ni a lokacin na ɗauka ƙauyanci ne kawai ke damun Alhaji. Ashe shagonsa yake tsaro.

Bayan shekara biyu Shamsiya ta daina shigowa shagona. In ta zo sai ta tsaya a bakin ƙofa ta toshe hanci da gyale. Yarinyar da ke cin daddawa kamar alewa! Na kalle ta na ce, "Ke, zo nan." Ta sunkuyar da kai ta gudu. Cikin fari ne, kun san kunyarmu. Ko ni ba ta faɗa mini da baki ba, balle wan mijinta. Nuhu ma nauyi ya hana shi gaya wa yayansa, yana cewa sai abu ya yi ƙwari. Amma ungozomar asibiti ta ba su shawara. Ta ce tunda ba su yi auren meri ba, uban ya je tun yanzu ya shaida wa hukuma cewa abin da ke cikin nan nasa ne. Ya kuwa je, ya sa hannu, ya dawo yana tsokanarta wai ya zama uba kafin a ga ɗa.

Bai ga ɗan ba. Wata safiya farkon sanyi, yana tsaye yana jiran tiram zai tafi aiki, ya dafe ƙirji ya zube. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ni aka kira, ni na ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ba na son tuna wannan.

Aka yi jana'iza, aka binne shi nan. Ranar sadakar bakwai gidan ya cika, maza a falo, mu mata a ɗaki da kicin. Malam Rabi'u, dattijon da ke ja mana salla kuma yake sasanta mu in mun yi rigima, ya yi addu'a ya shafa. Sa'an nan ya ce, kamar yadda aka saba, a rufe kayan mamaci, kada a taɓa ko allura sai matarsa ta fita takaba, a zauna a raba yadda Allah ya ce.

Ina kicin da ludayi a hannu na ji muryar Mu'awiya.

"Wace matar, Malam?"

Kowa ya juyo. Malam Rabi'u ya ce, "Alhaji, ban gane ba."

"Malam, nan Faransa ne, ba Damagaram ba. Na riga na ga noter a Paris, mai kula da gado. A takarda Nuhu bai taɓa aure ba. Ba mata, ba ɗa, ba uwa, ba uba. Ni kaɗai ne magajinsa."

"Subhanallahi! Alhaji, kai fa ka karɓi auren nan da bakinka."

"Na raba goro, ban musa ba. Amma goro ba ya aiki a ƙasar nan. A wurin hukuma zaman dadiro suka yi. Ba ni na faɗa ba, doka ce."

Dadiro! Yarinyar da ke zaune a kan tabarmar takaba, bango ɗaya tsakaninsu! Wallahi ban san sanda na fito falo ba. Na ce, "Mu'awiya, Allah wadaran bakinka! Gawar ƙanenka ba ta gama sanyi ba kana yawon ofis? Tir da kai!" Maza biyu suka riƙe ni, don da ludayin nan zan gyara masa hula.

Duk saboda me? A shari'a matar da mijinta bai bar ɗa ba tana da rubu'i. Rubu'in shagon nan ne ya tsone masa ido. Da ya zo ya zauna ya ce, Shamsiya, kin san yadda shagon nan yake, na rantse da Allah da ta bar masa. Na san ta. Amma ya ga hanya mai sauƙi, ya bi ta kan mutuncinta.

Malam Rabi'u bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, ina so in ji da kyau, jama'a ma su ji. Ka ajiye rabon shari'a, dokar ƙasar nan kaɗai ka yarda da ita?"

"Ita kaɗai. Ku shaida."

"Mun shaida," in ji Malam. Ya tashi ya ɗauki takalmansa, bai ko sha kunun sadaka ba.

Washegari da hantsi Mu'awiya ya dawo da motar ɗaukar kaya. Gidan dai bai iya taɓa shi ba, da sunanta aka kama haya. Amma duk abin da ya san na Nuhu ne ya kwashe: tufafi, takalma, agogo, har dardumar salla. Shamsiya tana zaune a ƙasa cikin hijabi, tana kallo, har ya buɗe kabad ya zaro shuɗiyar rigar nan. Nan ta ɗago kai.

"Yaya," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "ka ɗauki komai. Ka bar mini wannan. Babana ya ɗinka masa."

Bai ko kalle ta ba. Ya rataya rigar a hannu ya ce, "Kayan magada ne."

Da ya fita na rufe ƙofa. Na ce, "Ke wace irin yarinya ce? Ki gaya masa mana! Ki ce masa akwai magaji a cikinki! In kina jin kunya ni ba na ji, yanzu zan bi shi har mota."

Ta riƙe mini zane. Ban taɓa ganin idonta haka ba, a bushe ƙamas, ba ɗigon hawaye. Ta ce, "Tanti, jiya kunya ce ta hana ni. Yau ba kunya ba ce. In kika buɗe baki, na bar cin tuwonki har abada."

Na zauna. Ta ce, "Inna Habsu ta tsaya gaban kotu tana roƙo a yarda ita matar aure ce. Ni ba zan roƙi kowa ba. Ki bar shi ya je ya sa hannu ko'ina, ya faɗa wa kowa. Ina so ya yi nisa."

Mutane sun ba ta shawara ta aika Damagaram, a tara shaidu a je gaban alƙali a fitar mata da takardar aure. Mahaifinta da kansa ya yi waya yana huci, ya ce gobe-gobe zai yi. Ta ce, "Baba, ka bari. Wanda ya karɓi auren shi zai faɗa, kuma a inda ya musa."

Haka muka shiga sanyi. Tana zuwa aiki don dole, ba kwalliya, ba turare, ta dawo ta rufe ƙofa. Babbar rigar sanyi ta rufa mata asiri wata da watanni. Amma lokacin fitar takaba ya zo ya wuce, Shamsiya ba ta fita ba. Ba ta yi kitso ba, ba ta sa lalle ba. Kowace mace a Minguettes ta san abin da wannan yake nufi: mai ciki ba ta fita sai ta sauka. Na bi su gida-gida. Na ce duk wadda na ji maganar nan ta isa Paris ta bakinta, ita da daddawata har abada, kuma zan tona abin da na sani a kanta. Tunda nake ban taɓa ganin matanmu sun riƙe magana ba sai a wannan karon. Ba tsorona kaɗai ba ne. Rabinsu auren goro ne da su, ba su je meri ba, kuma kalmar nan ta Mu'awiya kowace ta ji ta a jikinta.

Shi ma fa labari ya kai masa cewa har yanzu tana takaba. Wani direba da ke kai masa kaya ya faɗa masa. Kun san abin da ya ce? Ya yi dariya ya ce, "Wa ya sa ta? Ta yi ta yi." Alhaji guda, mai mata da ƴaƴa, bai tsaya ya tambayi kansa abin da ke tsawaita takaba ba. Ya sa a ransa ba matar aure ba ce, har ya manta yadda ake lissafin matan aure.

Ranar ƙaramar Salla hoto ya zo a waya, irin wanda mutanenmu na Paris suke turawa bayan an sauko idi. Ga Alhaji Mu'awiya a tsakiya, ya baza shuɗiyar shadda, yana washe baki. Na so in ɓoye, amma ta riga ta gani. Ta ja hoton da yatsu har hannun hagu ya cika fuskar wayar. Ga ɗinkinta nan. Ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta miƙo mini wayar ta ce, "Tanti, akwai sauran miyar taushe?" Ta ci malmala biyu a gabana. Ni ce na kasa cin komai ranar.

Ba a yi sati biyu ba ta haihu. Mace. Da aka miƙo mini ita na ga goshin Nuhu sak, na fashe da kuka kamar wata sakarya. Aka sa mata Habsatu. Da uwar ta samu ƙarfin tashi, ta ɗauki takardar haihuwa mai sunan uba a jiki, muka hau jirgin ƙasa ni da ita da jaririya har Paris, ofishin noter ɗin da Mu'awiya ya zaɓa da kansa. Mutumin ya karanta, ya cire tabarau, ya ce ai magana ta canza. A dokarsu in mamaci ya bar ɗa, mace ko namiji, ɗan'uwa ba shi da komai. Shago da kayan ciki da duk abin da ke da sunan Nuhu na Habsatu ne, uwarta ce mai riƙe mata.

Da muka fito na ce mu biya ta Château Rouge, tasha kaɗan ce a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in ga fuskarsa. Ta ce a'a. "Shi zai zo."

Ya kuwa zo. Da farko waya ya yi ta yi, ba ta ɗauka ba. Ya aiko matarsa, aka ba ta ruwa ta sha ta koma. Daga ƙarshe ya je ya faɗi gaban Malam Rabi'u. Shamsiya ta ce ta yarda a zauna, amma a falonta, kuma duk wanda ya zo sadakar bakwai a kira shi. Ni na yi gayyar. Har waɗanda ba su zo waccan ba na kira.

Ranar Asabar bayan azahar falo ya cika, mata sun yi cincirindo a ƙofar kicin. Sai ga Alhaji ya shigo. Jama'a, kun san abin da ya sa? Shuɗiyar rigar! Na rantse muku. Ba don tsokana ba, a'a. Ya buɗe kabad ne ya ɗauki rigarsa mafi kyau don ya zo da kwarjini. Ya sa ta har ta zama tasa a ransa, ya manta inda ya samo ta. Na ji wata a bayana ta ce "Innalillahi." Ni kuwa na ce Alhamdulillahi.

Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo wadda ba wanda yake jin daɗinta. Shamsiya ta fito da Habsatu a kafaɗa, ta zauna a kujera, ba a ƙasa ba. Ta yi kitso, ta sa lalle.

Mu'awiya ya yi gyaran murya. Ya ce sharrin Shaiɗan ne, ya ce baƙin cikin rashin ɗan'uwa ne ya ruɗe shi. Ya ce mu Musulmi ne, bai kamata mu bar Nasara su raba mana gado ba. A koma ga shari'a. Ai kowa a falon ya san lissafin: tunda mace aka haifa, a shari'a ƴa tana da rabi, mata tumuni, saura na ɗan'uwa. A can yana da rabo, a nan ba shi da ko tsinke. Yanzu ya tuna da Allah!

Shamsiya ta ce, "Yaya, tumunin nan da kake faɗa, na wa ne?"

"Naki ne mana."

"A matsayin wa?"

Ya kau da kai. "Matar Nuhu."

"Ban ji ba. Matan kicin ma ba su ji ba."

Ya ɗaga murya. "Ke matar ƙanena ce. Ni na je Damagaram, ni na karɓi aurenki a hannun mahaifinki. Abin da na faɗa ranar nan ƙarya na yi."

Wata tsohuwa a bayana ta rangaɗa guɗa, aka toshe mata baki. Shamsiya ta juya ga Malam Rabi'u ta ce, "Malam, ranar nan ka tambaye shi wace doka ya yarda da ita. Me ya ce?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Ya ce ta ƙasar nan, ita kaɗai. Ya ce mu shaida."

"To ni ban kai kowa kotu ba. Inda ya kai mu, nan muke. Dukiyar marainiya ce yanzu, noter ya ce ko na so in yi kyauta da ita ba ni da iko. Kuma Yaya, kada in yaudare ka, ko ina da iko ba zan yi ba. Shago ka ci gaba da buɗewa, ka ci abinci, ƴaƴanka ba su yi mini komai ba. Amma ka sani kowace safiya ƙofar Habsatu kake buɗewa."

Malam Rabi'u ya buɗe baki zai yi wa'azin yafiya, na gani a fuskarsa. Ta riga shi. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ban gama ba. Saura abu ɗaya." Ta miƙe, ta gyara jaririyar a kafaɗa, ta nuna shi da hannu.

"Rigar nan."

Mu'awiya ya dubi ƙirjinsa. Na ga lokacin da ya tuna. Fuskarsa ta yi kamar an watsa mata toka. Ya ce, "Shamsiya, don Allah. In na koma zan sa a wanke, in aiko miki."

"Kayan magada ne," ta ce. "Ga magajiyar nan ta zo karɓa."

Ba wanda ya motsa. Ya dubi Malam, Malam yana kallon carbinsa. Ya dubi mazan da ya yi shekaru yana ci da su, kowa ya sami abin kallo a kan kafet. Sai ya tashi, ya cire hula, ya tattaro babbar rigar nan ya zare ta ta ka, ya tsaya daga shi sai ƴar ciki da wando, gaban maza da mata. Ya miƙa mini, na ƙi karɓa. Ya taka da ƙafarsa ya kai mata har hannu. Wani ya ara masa rigar sanyi, da ita ya koma Paris.

Akwai masu cewa ta wuce gona da iri, wai ko ba komai wan mijinta ne, kuma guminsa na cikin shagon. Na ji. Malam ma ya yi kwanaki ba ya sakin fuska da ita. Su suka sani. Ni dai da za a sake, da na ƙara gayyato mutane.

Da kowa ya watse na tsaya ina tattara kofuna. Ta ba ni rigar ta ce in wanke mata, sau biyu, kada ƙanshin turarensa ya saura. Na wanke, na shanya, na goge da hannuna, na kai mata washegari. Ta karɓa ta lalubo hannun hagu, ta shafa ɗinkin nan da yatsa. Sai a lokacin, tun ranar da Nuhu ya faɗi, na ga hawaye a idonta. Ta shimfiɗa rigar a kan gado, ta ninka ta biyu, ta ɗauko jaririyar ta kwantar a tsakiyar aikin rigar.

Ta sunkuya daidai kunnenta ta ce, "Habsu, ga ta nan. Na tuɓe masa."